Wai Don Wa Muke Wannan Kwalliyar?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce ina zaune gaban madubi, na gama gira ɗaya ta fito ras, ɗayar kuma ta ce sam ba ta san zancen ba, na goge na sake na goge na sake, sai ga Yaya ya leƙo yana kaɗa makullin mota don shi zai sauke ni. Ya kalle ni, ya kalli agogo, ya ce, "Ke wai taron nan ba na mata zalla ba ne? To duk wannan shafe-shafen don wa ake yi?" Ko juyowa ban yi ba na ce, "Yaya don kaina mana." Ya yi wata irin dariya ta wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu, ya ce to in na gama burge kaina in same shi a waje.

Wallahi maganar ta tsaya min a rai har muka isa. Ba haushi na ji ba, amsar da na ba shi ce ni kaina ba ta gama gamsar da ni ba. In don kaina ne zalla, me ya sa ranar da ba inda za ni nake wuni da tsohuwar rigar nan da wuyanta ya saki, kaina ko mataji bai gani ba? In kuma don maza ne kaman yanda shi yake son ya nuna, to wane namijin, a wajen da tun daga mai karɓar baƙi har mai riƙe da lasifika duk mata ne?

Bari in fara da maganar mazan tunda ita ce kowa yake fara jefowa. Ni dai ba zan zauna in yi ƙarya ba, akwai ranar da don namiji ake yi. Duk wadda ta taɓa son wani ta san yanda ake canza riga sau uku kafin ya iso, ana tambayar ƙanwa "wannan ko waccan?", ana fesa turare a goge a sake wani. Kuma ni ban ga abun kunya a ciki ba, mutum ya so wanda yake so ya gan shi da kyau, ai ko maza suna yi, ku je shagon aski ranar da saurayi yake da zance ku sha kallo. Amma in ka ɗauki duk wahalar da mace take yi wa jikinta a shekara ka ce don idon maza ne, to gaskiya kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, don yawancinsu ba su ma gani. Ki canza kalar janbaki daga wadda kika saba zuwa wadda kika yi wata biyu kina nema, ki zauna gabansa kina ta murmushi kina jiran magana, abun da za ki samu shi ne "lafiya kike kallona?"

Sannan akwai 'yan "ni ba na son kwalliya, na fi son mace yanda Allah Ya yi ta." Toh madalla. Ki ce ya nuna miki misali, sai ya buɗe waya ya nuna miki hoton wata da ta sha fandeshan, ta ɓoye baƙin ƙasan ido, ta cike gira gashi ɗaya-ɗaya, ta sa man leɓe mai kalar leɓe, aikin minti arba'in cif wanda duk gwanintarsa ita ce kar a gane an yi. Ranar kuma da ya gan ki da fuskar da Allah Ya yi ɗin da gaske, daga wanke ta sai mai, tambayar farko ita ce "ba ki da lafiya ne?" Wannan tambayar ba na jin akwai macen da take kwalliya da ba a taɓa yi mata ita ba.

Masu son kawo hujjar halitta kuma su ce ai haka Allah Ya tsara, mace ta yi ado namiji ya zaɓa. Ni abun da yake ba ni dariya shi ne a wajen tsuntsaye akasin haka ne, ɗawisu namijin ne yake jan wannan jelar mai ƙyalli, macen tana gefe da kalarta ta ƙasa-ƙasa tana duba wanda ya yi mata. Jelar nan ta taɓa hana masanin halittun nan Charles Darwin sakat, a 1860 ya rubuta wa wani abokinsa cewa ganin gashin jelar ɗawisu ma tayar masa da zuciya yake, don ya rasa amfaninta wajen tsira da rai, sai a 1871 ya fito da cikakken bayaninsa cewa zaɓin da matan suke yi ne ya tsawaita ta. Ko a cikin mutane ma ba kullum ado yake na mata ba. Takalmi mai tsinin nan da yake kashe mana ƙafa, asalinsa mahaya dawakin Farisa ne suke sa mai dunduniya don ƙafa ta kama likkafa, daga baya manyan Turai suka ɗauka, Sarkin Faransa Louis na 14 har jan dunduniya yake sawa kuma ba kowa aka yarda ya sa irinta a fada ba. Yau kuma an bar mana shi an ce ɗabi'ar mata ce.

To in ba maza ba, su wa? Amsar da ba mu cika son faɗa da ƙarfi ba ita ce junanmu. Mace ce take gane cewa ɗinkin nan hannunsa ya sha aiki. Mace ce za ta kalle ki daƙiƙa biyu ta san jakar da takalmin ba tare aka saye su ba amma kin iya haɗawa, ta san gashin idon naki ne ko na kanti, ta san hodar ta yi miki haske da rabin mataki. Kuma wallahi yabon mace daban ne, wata da ba ki taɓa gani ba ta tare ki a bakin ƙofa ta ce "baiwar Allah dan Allah wa ya yi miki girar nan?" ki ce ni na yi, ta ce kai, wannan daɗin sai ki kwana da shi, ya fi "kin yi kyau" guda goma daga wanda ko za a kashe shi ba zai iya faɗin me ya canza ba. Kaman mai sana'a ne, yabon ɗan uwansa mai sana'a ya fi shiga ransa don shi ya san inda wahalar take.

Amma idon matan nan kaifi biyu gare shi, kuma mun sani. Idon da yake yabo shi ne dai yake auna ki daga sama har ƙasa ya koma gefe a yi ƙus-ƙus. "Ba wannan rigar ta sa wancan karon ba?" "Ta rame." "Ta yi ƙiba." "Tunda ta haihu ta saki kanta." Ni da kunnena na ji an faɗi wannan ta ƙarshen a kan wata da jaririnta ko wata biyu bai yi ba, kuma ba namiji ne ya faɗa ba. Wani lokacin in na tsaya na bincika kaina da gaskiya, ba burgewa nake son yi ba, tsira nake nema, in shiga in fita ba a samu abun faɗa a kaina ba. Akwai ɗaukar wanka na nishaɗi, akwai na kece raini, akwai kuma na tsoro, kuma a madubi duk kamarsu ɗaya.

Na tsoron nan a wajen aiki ya fi fitowa fili, don a can har rubuta shi ake yi. A watan Disamba 2015 wata matashiya a Landan, Nicola Thorp, ta je ranar farko a aikin karɓar baƙi da takalmi mara tsini, aka ce sai ta sa mai tsinin inci biyu zuwa huɗu, ta tambaya ko mazan ma haka aka ce musu, aka sallame ta gida ba ko sisi. Ta buɗe takardar koke, mutum sama da 150,000 suka sa hannu, har majalisar dokokin Birtaniya ta zauna a kan maganar a 2017. A Japan ma a 2019 Yumi Ishikawa, wadda take aikin wucin gadi a gidan shirya jana'iza tana wuni a tsaye kan tsini, ta tayar da irin wannan ƙurar da suka kira KuToo, sunan daga kalmominsu biyu masu kama da juna ya fito, ɗaya takalmi ɗaya ciwo. Wanda ya fi ba ni mamaki ma na Koriya ta Kudu ne, a 2018 wata mai karanta labarai a tashar MBC, Lim Hyeon-ju, ta fito da tabarau a fuskarta, tabarau fa na gani, irin wanda abokan aikinta maza suke sawa kullum ba wanda ya ce uffan, sai ga ita kanta ta zama labari. Kenan shekara da shekaru mace a wannan kujerar sai dai ta tura ruwan tabarau cikin ido tun da asuba.

Kuma ba wai tunanin mata ba ne kawai cewa ana auna mutum da fuska, har a albashi yana fitowa. Wasu masana tattalin arziki biyu, Daniel Hamermesh da Jeff Biddle, sun fitar da bincike a 1994 a kan ma'aikata a Amurka da Kanada, suka ga waɗanda ake ganin ba su kai matsakaici a kyau ba suna samun kuɗi ƙasa da sauran da kusan kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari. Abun da mutane ba su cika ambata ba, mazan ma bai bar su ba, nasu gibin bai gaza na matan ba. Bambancin dai shi namiji in ya yi wanka ya yi aski ya goge riga an gama, ita kuwa jerin abun da ake kira "ta fito tsaf" ya fi tsayi nesa ba kusa ba, kuma daga aljihunta da barcinta na safe ake cira. In kika yi kaɗan a ce ba ki damu da aikin ba, in kika yi da yawa a ce ba aiki ya kawo ki ba, gaba kura baya sayaki. Wannan kam ba don kai ake yi ba, ba kuma don wani masoyi ba, haraji ne kawai ake biya a wuce.

Shi ya sa kalmar nan "don kaina" nake ɗan jin tsoronta duk da ni ma ita nake faɗa. Kan nawa ai ba daga sama ya faɗo ba, tun ina ƙarama ake zuba masa abubuwa, wace ce kyakkyawa a talabijin, wace yarinya aka fi ɗauka ana wasa da ita, wace ce aka ce "kai wannan ba za ta yi kwantai ba." Kafin ki girma idon mutane ya riga ya tare a cikin kanki, ko ke kaɗai ce a ɗaki da shi kike kallon madubi. A China an yi wajen shekara dubu ana ɗaure ƙafar yara mata tun suna 'yan shekara biyar shida, a lanƙwashe yatsu ƙarƙashin tafin ƙafa har ƙashi ya karye don ƙafar ta tsaya kusan inci uku, sai a 1912 gwamnati ta haramta kuma bai mutu nan take ba, kuma masu ɗaurin iyaye mata ne da kakanni, ba don mugunta ba, don suna tsoron 'yarsu ta rasa miji da daraja. A Turai farar hoda mai dalma suka dinga shafawa, tana cin fata ana ƙara shafa ta don a rufe inda ta ci, akwai wata shahararriyar kyakkyawa Maria Gunning da ta rasu a 1760 tana da shekara 27, ana danganta mutuwarta da wannan hodar. Da za ki tambayi waɗannan matan na tabbata da yawa za su ce su suke so, kuma ba ƙarya suke ba.

Kar ma mu yi musu dariya, namu yana nan. Man bilicin da ake cusa wa sinadarin makuri mai lalata ƙoda, da masu sitiroyid da suke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su fito, da haidrokwinon da in an daɗe ana shafawa yake barin baƙin tabon da ya fi wanda aka gudu. Kodebuwa ta hana su a 2015, Ruwanda ma ta bi daga baya har ana kwashe su daga kantuna, amma ana nan ana saye ta bayan gida. Kuma kowace mai shafawa in kika tambaye ta cewa za ta yi ita fa ba bilicin take ba, "gyaran fata" take, kuma don kanta. Sai a 2017 da Rihanna ta fito da Fenty Beauty da kalar fandeshan 40 aka ga manyan kamfanoni suna rige-rigen ƙara kaloli masu duhu, kaman ranar suka fara jin labarin akwai baƙaƙen mata a duniya. Kafin nan sau nawa muka shafa abun da ya mayar da fuska kaman an watsa mata toka, wuya daban fuska daban, muka fita a haka don shi ne mafi duhun da aka samu?

Yanzu kuma ga filta. Da can kina gasa da 'yar makwabta ne ko wata a mujalla, yanzu da ke kanki kike gasa, ke ɗin da waya ta rage wa hanci ta goge wa ƙuraje ta ƙara wa ido. Ki ɗau selfi goma sha biyar ki zaɓi ɗaya ki gyara ki saka, ki dinga leƙawa kina ƙirga layik, sannan ki shiga banɗaki madubi ya nuna miki wadda ba ki ɗora ba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna kamfanin da kansa ya yi bincike ya ga Instagram yana ƙara wa wasu 'yan mata matasa ƙin jikinsu, sun sani tun kafin mu sani. Ni da girmana ma akwai ranar da nake rufe manhajar don na ji na fara tsanar haɓata, haɓar da shekara talatin ba ta taɓa min laifi ba.

Lokacin kullen korona a 2020 ne na ɗan gane inda nawa ya tsaya, don shi ne karon farko da aka cire 'yan kallo gaba ɗaya. Abubuwa da yawa na watsar ko kewarsu ban yi ba, fandeshan ya bushe a kwalba, takalman tsini suka yi ƙura, kuma har yau ban koma musu kaman da ba. Ba ni kaɗai ba ce, cinikin janbaki ya faɗi a lokacin tunda takunkumi ya rufe baki, aka koma kayan ido da na gyaran fata. Amma akwai abun da ban bari ba ko kwana ɗaya, turare da kwalli. Ba mai jin ƙamshin sai ni, ba mai ganin idon sai madubin banɗaki, amma in ban sa ba sai in ji kaman ranar ba ta fara ba, kaman har yanzu jiya ce. Daga nan na samu ɗan ma'aunin da nake amfani da shi, duk abun da in na bar shi nake jin kewa to nawa ne, wanda kuma in na bar shi gabana yake faɗuwa don kar a gan ni, wannan na mutane ne, ina iya ci gaba da yi amma dai in san haraji nake biya.

Kuma akwai daɗi a abun kansa wanda masu tambayar "don wa" ba sa lissafawa. Minti sha biyar ɗin nan gaban madubi wata ranar shi kaɗai ne lokacin da ba wanda yake kiran sunana, ba wanda nake yi wa hidima, hannuna yana kan fuskata ina mata abu a hankali. Zane ne fa, kala ce da layi da haske, kawai dai takardar tana numfashi.

Akwai wani labari da tunda na karanta shi bai bar ni ba. A watan Afrilu 1945 sojojin Birtaniya suka 'yantar da Bergen-Belsen, sansanin da 'yan Nazi suka tsare mutane a Jamus, suka tarar da dubban gawarwaki da dubban mutane da yunwa da cuta suka mayar ƙashi da fata. Wani hafsa a ɓangaren likitoci, Mervin Gonin, ya rubuta cewa ana cikin neman magani da kayan buƙata ido rufe sai ga kaya sun iso, aka buɗe, janbaki ne jibgi guda. Da farko takaici ya kama shi, wa ya aiko da wannan shirmen? Sai ya ga matan da ko rigar sawa ba su da ita, daga su sai bargo a kafaɗa, suna yawo da jan leɓe, ya ga wata da ta rasu da guntun janbakin damƙe a hannunta. Shi da kansa ya dawo ya ce wanda ya aiko ya san abun da yake yi, don an mayar da su lamba, wannan ɗan abun ya fara dawo musu da cewa su mutane ne. Ni dai ban san wanda zai iya tsayawa gaban waɗannan matan ya ce don maza suka shafa ba.

Bara aka yi wa Goggona aiki, ƙanwar babanmu, mace ce da ta haura saba'in kuma ban taɓa ganinta ba kwalli ba. Ni na kwana da ita. Washegari da asuba, ledar ruwa a hannu, robar fitsari a gefen gado, murya ko fita ba ta yi sosai, ta yafito ni da yatsa, na matso da sauri na zaci ciwo ne ko in kira nas, sai ta ce in duba cikin jakarta akwai ɗan madubi da kwalli. Na riƙe mata madubin, hannunta yana rawa ta zizara a ido ɗaya, ta huta, ta zizara a ɗayan, ta gyara ɗankwali, ta daɗe tana kallon kanta ba ta ce komai ba. Ɗakin daga ni sai ita sai wata tsohuwa da take ta barci a gadon can. Na ce bari in tsokane ta, na ce, "Goggo, duk wannan gayun don wa?"

Ta ɗago ido ta harare ni ta saman madubin, ta ce, "Don ubanki. Ɗaga min shi sama kaɗan."